Wata biyar da ƙwayar tazarar haihuwa da ciwon ɓarin kaina

Bayan na yaye Ummi na fara shan ƙwayar tazarar haihuwa, irin mai guda 28 a kati: farare 21, sai bakwai masu ruwan ƙasa. A kemis na saya, ba wanda ya tambaye ni komai, ni ma ban ce ina da ciwon ɓarin kai tun ina budurwa ba.

Aikinta dai ta yi. Al'adata ta daidaita, ciwon mara ya ragu, har ƙurajen fuska suka lafa. Amma duk wata, kwana biyu da shiga masu ruwan ƙasar nan, sai kaina ya kama ta ɓangaren hagu kamar ana daka sakwara a ciki, ga tashin zuciya, ko ƙarar fanka ba na so. Ashe fararen ne ke ɗauke da sinadarin istirojin, in an kai ga bakwai ɗin sai ya faɗi a jini, faɗuwar ce ke tayar da ciwon.

Abin da ya tsorata ni a wata na biyar ya faru. Ina tsince shinkafa a faranti sai wata walƙiya mai lanƙwasa ta fito a gefen idona, rabin farantin ya ɓace mini. Kusan minti ashirin haka, sannan ciwon ya biyo.

Da na kwatanta wa nas a asibiti, ta ajiye biro ta ce, "Maman Ummi, daga yau kada ki ƙara haɗiyar ko ɗaya." Ta ce mai ganin irin wannan walƙiya kafin ciwon kai, istirojin na ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin waɗanda ba a ba su wannan ƙwayar sam. Ta auna jinina, ta tambayi shekaruna, tambayoyin da ya kamata a yi tun ranar farko.

Ta ba ni zaɓi: ashanar fata, robar mahaifa, allura, ko ƙaramar ƙwaya marar istirojin. Na ɗauki ƙaramar. Walƙiyar ba ta dawo ba, ciwon ma ya yi sauƙi. Sai dai ƙaramar ƙwayar ba ta son wasa da lokaci, in na wuce awa uku kariyar ta raunana, don haka na haɗa ta da sallar isha. Kuma takan sa ɗigon jini ba zato, har sai da na je wurin malamarmu ta Islamiyya kan lissafin kwanakin salla.