Nonprofit Explorer na ProPublica, yana aiki amma akwai jinkiri

Gaskiya duk mai son ba da gudummawa ga ƙungiyoyin marasa addini na Amurka irinsu Center for Inquiry ko American Atheists ya fara leƙa wannan shafin intanet na ProPublica, wata kafar labarai ta Amurka, tukuna. Kyauta ne, kana rubuta sunan ƙungiya sai ga fom 990 ɗin da suke miƙa wa hukumar haraji, kuɗin da ya shigo, wanda ya fita, har albashin shugabanni, nan ake gane masu kashe fiye da abin da suke samu. Matsalata dai bayanan suna zuwa a makare, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu, sannan ƙananan ƙungiyoyin da kuɗin shigarsu a shekara bai wuce dala 50,000 ba kusan ba ka ganin komai a kansu, alhali su ne ba su da akawu na dindindin.