Tallafin gida ga yaran riƙo a Ingila: tauraro uku na ba su

Jama'a sallama. Tunda 'yan uwa da yawa a nan Ingila suna yawan tambayata a kan harkar riƙon yara, musamman wai idan yaro ya cika sha takwas ina ake kai shi, nace bari dai in zauna in rubuta abin da muka gani da idonmu tunda mun shiga mun fita. Ni da maigidana muna riƙo ne ta hannun kansul, wato ƙaramar hukumar garinmu a arewacin Ingila, sunan garin kam ku yi haƙuri. A 2019 aka kawo mana wani yaro ɗan shekara 15 daga Sudan, shi kaɗai ya iso ƙasar nan ba uwa ba uba, ashe Bahaushen Gadarif ne, ranar da ya shigo falo nace masa sannu da zuwa ɗan nan sai ya tsaya yana kallona kamar ya ga fatalwa. Yanzu haka yana falat ɗinsa, ɗaki ɗaya da falo, kuma yadda aka yi ya kai can shi nake son in faɗa.

A ƙasar nan ranar da yaro ya cika 18 ya fita daga riƙon hukuma, shikenan, a dokance ya zama babba. Mu da muka taso muna ganin ɗan riƙo baya barin gida sai ranar da aka ɗaura masa aure, abin sai ya zo mana wani iri. Amma ba watsar da su ake ba. Akwai dokar 2000 da ta ɗora wa kansul nauyin duk yaron da ya yi aƙalla mako 13 a hannunta tun daga shekara 14, muddin wani ɓangare na zaman ya faɗo bayan ya cika 16. Ana haɗa shi da mai ba shi shawara, ana rubuta masa tsarin rayuwa, ina zai zauna, karatu ko aiki, kuɗi daga ina, kuma duk wata shida a sake duba shi. Dokar 2017 ta ƙara cewa zai iya riƙe mai ba da shawarar nan har ya kai 25, kuma dole kowace kansul ta wallafa jerin abin da take ba waɗannan yaran. Ku riƙe maganar jerin nan, zan dawo kanta.

Abin da ya fi komai kyau a wurina shine tsarin da suke kira Staying Put, wanda ya shigo doka a 2014, wato yaro ya ci gaba da zama wurin masu riƙonsa har ya kai 21 in duk sun yarda. Namu ya cika 18 a 2022 yana tsakiyar kwas ɗin gyaran lantarki a kwaleji, soshal wokarsa ta tambaye shi zai tsaya ko zai fita, ya juyo yana kallona, nace kai ina zaka, wanda ko shinkafa bai iya dafawa ba sai ta caɓe. Shekara biyu ya ƙara a gidanmu kuma wallahi a shekara biyun nan ne ya zama mutum, ya gama kwas, ya samu gurbin koyon aiki a wani kamfani, ya koyi karanta takardar bil, maigidana ya dinga zaunar da shi duk ƙarshen wata suna lissafin kuɗinsa da biro da takarda.

Sai dai fa tsarin yana da nasa cizon, kuma babu wanda ya faɗa mana tun farko. Kuɗin da ake ba mai riƙo yana raguwa sosai da zarar yaro ya cika 18, shi kuma yaron sai ya nemi Universal Credit, wato tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, a biya kuɗin ɗakinsa daga ciki, wato a takarda na zama mai gidan haya shi kuma ɗan haya, har da yarjejeniya muka sa wa hannu, ranar na yi dariya har da hawaye, ɗan da nake tashi da asuba shine wai ɗan hayata. Sannan tunda muna ci gaba da riƙon wasu yaran, sai da aka yi masa binciken 'yan sanda kamar kowane babba da ke zaune a gidan, bai ji daɗi ba ko kaɗan, ya kwana biyu baya magana. Na san masu riƙo da suka so yaro ya tsaya amma lissafi ya ƙi, ɗakin shine abincinsu, kuma bana ganin laifinsu.

Sai maganar falat. Shi ya matsa yana son nasa wurin, ya kusa 20, abokai duk sun fita. Tunda yana da takardar zama an saka shi a layin gidajen kansul kuma an ba shi mataki na sama saboda ɗan riƙo ne, nan kam na yaba. Duk mako ake fito da gidaje a intanet ka shiga ka nuna wanda kake so, mun shafe wata bakwai muna wannan dannawar, wani makon ya zo na tara, wani makon na huɗu, har ya fara cewa Umma a bar shi kawai. Da aka kira shi kuma sai abin ya zo da gaggawa, ka zo ka gani yau, ka sa hannu cikin kwana kaɗan, haya ta fara tafiya ko ka kwana a ciki ko baka kwana ba.

Ranar da muka buɗe ƙofar jikina ya yi sanyi. Siminti tsirara a ƙasa, ba kafet, ba labule, ba kuka ta girki ba firij, ƙwan fitila ɗaya yana lilo, ga mita irin ta kati da ɗan bashin wanda ya tashi wanda sai da muka yi ta waya kafin aka share. Ashe haka gidajen kansul suke zuwa, mu da ba mu taɓa zama a ciki ba ina muka sani. Akwai kuɗin haɗa gida da ake ba su, da fam 2,000 ne, daga Afrilun 2023 aka mayar da mafi ƙaranci fam 3,000, shi ya faɗo cikin masu dubu ukun. Ji ake kamar kuɗi ne mai yawa har sai ka fara saye, kafet na ɗaki da falo, gado da katifa, firij, injin wanki, kuka da kuɗin mai haɗa ta, kafin a zo kan tukwane da cokula kuɗin ya ce ga garinku nan. Kuma a wurinmu ba hannunsa ake ba shi ba, sai ya zaɓi kaya ya tura wa mai ba shi shawara, ita ta kai wa manaja ya sa hannu, sannan a yi oda, to katifa ta iso gado bai iso ba, kuka kuwa sai da ta yi mako uku, ga sanyin Nuwamba. Duk dare yana gidanmu yana cin tuwo yana biyan hayar gidan da babu wurin dafa ruwan shayi. Labule daga ɗakina na ciro na kai masa.

Masu ba da shawarar nan su ne zuciyar abin, kuma sa'a ce kawai. Uku ya yi cikin shekara uku. Ta farko Allah ya saka mata, ita da kanta ta ɗauko shi a motarta suka je buɗe asusun banki. Na biyu sau ɗaya muka ga fuskarsa sauran duk saƙon waya. Ta ukun tana da kirki amma yara sun mata yawa, ka kira yau ta amsa bayan kwana biyar tana ba da haƙuri. A ƙa'ida ya kamata a leƙo shi cikin kwana bakwai da tarewa, sannan kada a wuce wata biyu ba a zo ba, ta zo kam, amma zuwan minti ashirin ba ya gano cewa yaro ya kashe hita yana kwana da jaket don tsoron bil.

Abokinsa shi ya fi bani tausayi. Shi ba gidan riƙo ya zauna ba, irin gidajen nan ne na haɗaka da ake tara matasa 'yan 16 da 17 da ma'aikaci yana leƙowa, waɗanda sai a 2023 hukumar Ofsted mai duba makarantu da gidajen yara ta fara musu rajista. Yana cika 18 ya fita, ya jira mako biyar ɗin da ake jira kafin kuɗin Universal Credit na farko ya shigo, bashin haya ya hau kansa tun bai gama shimfiɗa ba, takardu suna zuwa yana tara su a leda bai buɗe ba saboda tsoro. Da ya nemi haya a kasuwa kuma ejan ya ce ya kawo garanto, yaron da bashi da kowa a ƙasar wa zai tsaya masa. Da ledar ya zo gidanmu wata Asabar muka baje ta a tebur.

To a nan ne jerin da na ce ku riƙe ya shigo. Ni da kaina na nemo shi na karanta, sai ga abubuwa da ba wanda ya ambata mana. Kansul ɗinmu ta yafe wa 'yan riƙo harajin gida har su kai 25, amma sai ka cike fom, abokin nan wata da watanni ana masa lissafin abin da bai kamata ya biya ba. Wannan yafiyar a Ingila kowace kansul da ra'ayinta, a Wales da Scotland kuwa ta ƙasa baki ɗaya ce. Haka kuma matashin da bai kai 35 ba da ke haya shi kaɗai a kasuwa kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kawai Universal Credit ke biya masa, amma ɗan riƙo yana da haƙƙin kuɗin falat mai ɗaki ɗaya har ya kai 25, tun 2021 aka ɗaga daga 22. In ya rasa wurin kwana kafin ya cika 21 yana cikin waɗanda dole kansul ta ba fifiko. Mai zuwa jami'a akwai fam 2,000 nasa, mai koyon aiki kuma fam 3,000, namu ya karɓa amma sai da na tuna musu sau biyu.

Shi yasa nace tauraro uku cikin biyar. Haƙƙin yana nan a rubuce, gidan ma mai kyau ne kuma hayarsa da sauƙi, ba mai tashinsa in yana biya, wannan ba ƙaramin abu bane a ƙasar nan. Tauraro biyun da na cire na siminti tsirara ne da kuma yadda komai sai yaro yana da wani babba mai naci a bayansa kafin ya samu. Duk mai riƙo da yaronsa ya kai 16 ya nemo jerin kansul ɗinsa ya buga shi a takarda, ya sa a rubuta maganar Staying Put da adadin kuɗin a cikin tsarin yaron tun da wuri, kada ya yarda da ta baki.

Namu yanzu duk Juma'a bayan masallaci yana nan, ya ci ya ƙulle saura a roba ya tafi da shi. Labulena har yau bai dawo da su ba. Akwai kuma wata yarinya a hannunmu da za ta cika 17 bayan sallah, na riga na faɗa wa soshal wokarta cewa wannan karon kafet za a fara sawa kafin a karɓi makulli.