Diril mai bugu ko injin SDS: wanne ya dace da aikinka?

Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, ka ce ka fara aikin ɗaura dish da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, a nan Maradi, kuɗin hannunka na inji ɗaya ne, kana tsakanin diril mai bugu da injin SDS, wanda masu kanti ke kira ferforater. Kafin ka nufi kasuwa, tsaya ka tuna irin bangon da za ka riƙa hudawa.

Su biyun suna juyawa suna bugu, amma bugun kowa daban. A cikin diril akwai faifan ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya na gogar ɗaya, shi ne wannan "kirrr" mai cika kunne. Bugun yana da yawa, yakan haura 40,000 a minti, sai dai kowanne kamar ƙwanƙwasa ƙofa da farce ne, kuma ba ya ci sai ka danna da ƙirjinka. SDS kuwa fistan gare shi da ke matse iska, iskar ta harba wani dunƙulen ƙarfe ya daki gindin bakin huda. Bugunsa wajen 4,000 zuwa 5,000 ne a minti, amma kowanne guduma ce, ana auna ƙarfinsa da jul, jul 2 zuwa 3 a ƙananan da muke yawo da su. In ka je saye, lambar jul ɗin nan za ka nema a kwali. Wat ɗin da aka rubuta da manyan baƙi yawan wutar da yake sha ne kawai.

A tsoffin gidajen ƙasa irin na Bagalam da Mokoyo ba ka buƙatar bugu ko kaɗan, juyi kawai ya isa. A bulo mai rami ma diril ya fi ladabi. Na taɓa sa SDS a irin bulon nan da aka yi wa rowar siminti, ina jin ya zurma sai ga tafin hannu guda na bango ya ɓare ta cikin ramin, fegin roba ya rasa abin kamawa, sai da na matsa gefe na toshe wancan. Ko da SDS ne a hannunka, a irin wannan wuri kashe bugun. Haka a tayil: huda shi a hankali ba bugu, sai baki ya wuce shi sannan ka kunna.

Amma sabbin gine-ginen Zariya da Ali Ɗan Sofo ginshiƙi ne da linta da dal na rufi, kankaren da aka zuba da tsakuwa da rodi. A nan diril ke tona asirin kansa. Lokacin ina yaron shago na yini a kan tsani ina neman huda ramuka 8 a ƙarƙashin dal da diril. Baki ya tarar da tsakuwa ya tsaya yana gogarta har kansa ya koma shuɗi, ƙura na zubo min a ido, kafaɗa kamar an yi min duka. Washegari maigidana ya aro SDS, ya gama sauran kafin shayi ya tafasa. Tun ranar na daina gardama.

Kai kuma da ke aikin kilim akwai ramin fayif, mai faɗin milimita 60 da ɗoriya, wanda zai ratsa bango gaba ɗaya. Da baki mai kamar kofi ake yin sa, kuma SDS matsakaici yana jan sa a bulo. Ga kuma maɓalli na uku a SDS, bayan na juyi kawai da na juyi da bugu, wato bugu zalla ba juyi, wanda za ka sa cizal ka sassaƙe hanyar waya. Diril ba shi da wannan. Inda diril ya fi SDS shi ne huda katako da ƙarfe da ɗaure sukurori, domin bakinsa a damƙe yake, ba ya rawa.

Bakin SDS kuwa dole ya yi ɗan motsi gaba da baya, don haka in ka ga yana lilo kaɗan ba lalacewa ba ce. Gindinsa mai tsagi ne, ka tura shi ya ce "ƙas", ba makulli. Wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1975, SDS-plus, kaurin gindinsa milimita 10, shi ne naka. SDS-max mai milimita 18 na masu fasa kankare ne da manyan ramuka, bakin wannan ba ya shiga wancan, kuma nauyinsa a kan tsani azaba ne.

Wajen kulawa kuwa, diril jaki ne, SDS doki. Duk lokacin da za ka sa baki, goge gindinsa da tsumma ka ɗan shafa masa giris kamar ƙwayar wake. In ka shafa a kan ƙura, ka haɗa abin da zai cinye cikin injin da hannunka, musamman lokacin hunturu da komai ke yin fari. Robar da ke hancinsa in ta tsage canza ta, ita ke tare garin siminti. Kada ka danna shi kamar diril, riƙe shi daidai ka bar fistan ya yi aikinsa, kana ɗan zaro bakin ƙura na fita. A zafin Afrilu da Mayu ka riƙa ba shi hutu, kuma kada ka tsoma baki mai zafi a ruwa, ƙarfen kansa tsagewa yake yi. In ka ga tartsatsi ya yi yawa ta tagogin iska, ko yana ɗaukewa yana dawowa, sharbo ne ya cinye, wato 'yan gawayin nan biyu da ke ba motar cikin injin wuta, canza duka biyun tare. In mota na juyi lafiya amma bugu ya yi laushi, galibi zoben robar fistan ne ko giris ɗin ciki ya bushe, kai wa mai gyara. Doguwar waya siririya da ƙaramin janareto su ma suna dafa mota, kada ka ce ban faɗa maka ba.

Kada ka kwance mariƙin gefe don wai yana takura maka. Ran da baki ya cije a rodi, diril murɗe wuyan hannu yake yi. Yawancin SDS suna da kuloci mai sakewa, amma sai ka riƙe da hannu biyu yake amfani. Rufe hanci da ido, garin kankare yana taruwa a huhu. Bayan huda kuma hure ramin da ɗan tiyo kafin ka sa fegi, in ba haka ba a kan gari zai zauna, dish ya fara lilo da iskar farkon damina.

Da ni ne kai, zan ƙara haƙurin wata ɗaya ko biyu in sayi SDS-plus mai maɓalli uku, da baki na milimita 6, 8, 10 da 12. Ƙaramin diril na katako da ƙarfe ka iya aronsa wajen maƙwabcin shago har ka samu naka.