Sharhi: Vanda coerulea, shuɗin okid da na yi oda ta intanet

Mafi yawan shuɗin okid (wani nau'in furen ado) da ake jerawa a shagunan fure rinannu ne. Farin okid mai suna Phalaenopsis ake yi wa allurar rini a kara, idan ya sake yin fure sai ya fito fari fat. Wannan ne ya sa na nemi Vanda coerulea, domin tana cikin 'yan tsirarun okid da Allah ya halitta da shuɗinsu. Na yi odarta daga wani gidan renon tsirrai da ke tsirar da irin a cikin kwalba, kuma yanzu da ta yi mini fure zan iya faɗin ra'ayina a kanta.

Ta iso a ɗan kwandon katako, babu ƙasa ko kaɗan, saiwoyi na lilo a waje. An naɗe ta da kyau, sai dai saiwoyi kaɗan sun karye a hanya, ganyen ƙasa kuma ya yi rawaya ya faɗi. Takardunta sun cika, har da izinin CITES, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda tun da masanin tsirrai William Griffith ya gan ta a tsaunukan Khasi na arewa maso gabashin Indiya a 1837, wani masanin, John Lindley, kuma ya bayyana ta a kimiyyance a 1847, masu tara fure suka yi ta kwasarta daga daji har ta yi ƙaranci. Ta daɗe a rukunin farko na CITES, wanda ya haramta cinikin na daji, sai a 2004 aka sauko da ita rukuni na 2, inda ake cinikin da izini. Duk wanda ya tallata maka ita ba takarda, rabu da shi.

Inda nake da ƙorafi shi ne launi. Hoton da ke shafin mai sayarwa shuɗi ne mai duhu, yana neman komawa shunayya, furen kuma a zagaye. Tawa ta buɗe da shuɗi mai haske, wanda da rana tsaka sai ka ce fari ne. Bayan 'yan kwanaki furen ya ƙara faɗi, launin ya nuna, zanen jijiyoyinsa ya fito kamar saƙar raga, kuma haka ɗabi'arta take. Amma bai kai na hoton ba, ba zai kai ba. Tsirran da aka samu daga iri ba sa fitowa launi ɗaya: akwai mai haske, akwai mai duhu, akwai ruwan hoda, akwai ma fara sol wadda ba kasafai ake samu ba. Masu duhun nan da ke cika hotuna galibi zaɓaɓɓu ne da aka daɗe ana aurarwa a tsakaninsu, ko kuma gauraye ne irin su Vanda Rothschildiana, wadda aka samu daga haɗa coerulea da sanderiana ta Filifin. Ya kamata mai sayarwa ya faɗi wannan a fili. Ni dai na fi son mai hasken, da 'yar murɗewar da fallayen furen ke yi daga tushe, amma son raina daban, abin da aka tallata daban.

Renonta kuwa, sai mutum ya tuna daga inda ta fito. A Indiya, Myanmar, arewacin Tailan da Yunnan ta ƙasar Sin, a kan rassan bishiyoyi take maƙale, a tudun da ya kai wajen mita 800 zuwa 1,700, inda akwai haske da iska, dare kuma da sanyi. Saboda haka ba ta son zafin dare yadda sauran 'yan uwanta na ƙasa-ƙasa ke jurewa. Na rataye ta inda take samun rana da safe da inuwa da tsakar rana. Kullum da safe nakan jiƙa saiwoyin har su juye daga fari zuwa kore, in bar su su sha iska. Idan iska ta bushe sosai sai a ƙara da yamma. Taki ɗan kaɗan a cikin ruwa ya isa. Ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen sama, ruɓewa ce, kuma tun da daga nan take girma, sau da yawa asara ake yi.

Furen ya ɗauki sama da wata guda bai yi yaushi ba, amma kada a sa ran ƙamshi. Ga mai yawan tafiya, ko wanda ɗakinsa ba haske, ban ba shi shawarar saye ba. Wanda zai iya shayarwar kullum, ya saya, amma ya nemi wadda ta riga ta taɓa fure, ya kuma ce a turo masa hoton ita wannan ɗin da za a aiko masa, an ɗauka a hasken rana, tare da saiwoyinta.