Gargaɗi ga masu neman tsohuwar John Deere 110

'Yan uwa mazauna Amurka masu sha'awar tsofaffin ƙananan taraktocin lambu, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallata John Deere 110 a shafukan saye da sayarwa, yana cewa ƙirar 1963 ce. Ni da kaina na je na gan ta, kuma saura ƙiris ya yi gaba da kuɗina.

Abin da ya sa ya zaɓi 1963 ba ɓoyayye ba ne. A shekarar kamfanin ya fara ƙera wannan tarakta a masana'antarsa ta Horicon da ke jihar Wisconsin, kuma guda 1,000 kacal aka yi. Masu tara kayan tarihi suna biyan kuɗi mai kauri a kanta, alhali an ci gaba da ƙera 110 har zuwa 1974, na shekarun baya kuwa suna nan birjik.

Daga nesa ba za ka gane ba, domin daga 1963 zuwa 1967 duk murfin tayoyinsu na baya zagayayye ne. Sai a 1968 aka koma faffaɗan murfi mai kusurwa. A nan ɗan damfarar ya fake. Ya samo mai zagayayyen murfi, ya shafe ta da sabon fenti kore da rawaya, tana ta sheƙi.

Allah ya taimake ni, wani dattijo maƙwabcina, tsohon makaniki, ya ce in tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Murfin tayar 1963 na faibagilas ne, irin abin da ake jikin ƙaramin kwalekwale da shi; daga 1964 aka koma ƙarfe. Ina ɗora maganaɗisun ya manne ƙam. Mutumin ya yi dariyar yaƙe, wai ai an taɓa canja murfin. To, mu ce haka ne. Na ƙirga giya: huɗu na gaba. Ta 1963 giya uku gare ta, ba a ƙara ta huɗu ba sai 1965. Na ɗaga murfin inji, Kohler K181 ne mai ƙarfin doki 8, alhali ta farko K161 ce mai doki 7. Shi ma an canja ke nan? Sai na nemi ɗan farantin da ake buga lambar tarakta a jiki. Wurin a shafe yake sumul, fenti ya cike ramukan kusoshi.

Taraktar kanta lafiyayya ce, tana tashi bugu ɗaya. Da ya kira ta da shekarunta na gaskiya, ya sa farashin da ya dace, wallahi da na saya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tun kafin in zo ya matsa in tura kafin alƙalami ta waya, wai wasu mutum biyu na kan hanya. Na ƙi. In ya neme ku da wannan zance, ku ce sai ya turo hoton farantin lamba, da na inji, da na sandar giya.

Jiya na sake ganin tallan. Hotuna dai su ne, amma sunan mai sayarwa ya canja, garin ma ya koma wata jihar.