Injin wanki na Turai da na Amurka: me lambar juyin nan take nufi?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu tambayar wane injin wanki ya fi matse kaya, ga bayani, kuma ɗaliban fiziks su ɗauki biro.

A Turai akasarin injinan ta gaba ake zuba musu kaya, a jikinsu an rubuta 1200, 1400 ko 1600, wato yawan juyin ganga a minti ɗaya lokacin matsa. A Amurka har yanzu na zubawa ta sama suna da yawa, kuma galibi juyinsu bai kai haka ba, shi ya sa kaya ke fitowa da sauran danshi. Wutarsu ma ta bambanta: bolt 120 a Amurka, 230 a Turai.

Lissafin ba wuya. Abin da ake nema shi ne yawan sauyin tafiyar tufa a kowace daƙiƙa (acceleration), shi ne ma'aunin ƙarfin matsa. A mai da juyi zuwa radiyan a daƙiƙa (radiyan ma'aunin kusurwa ne, juyi ɗaya radiyan 2π ne): 1200 sau 2π, a raba da 60, ya ba da 125.7. A ninka wannan da kansa, sannan da rabin faɗin ganga, a ce mita 0.25. An samu kusan 3950 m/s², ninki 400 na jan ƙasa ke nan, yana fuskantar tsakiyar ganga. Bangon ganga ne ke tura tufa ciki. Ruwa kuwa ba abin da ya tare shi, sai ya sulale ta hudoji. A juyi 1400 adadin ya kai wajen 5370. An ƙara gudu da kashi 17 cikin ɗari, matsa ta ƙaru da 36, saboda gudun da kansa ake ninkawa. Don haka ƙaramar ganga mai 1400 tana iya fin babba mai 1200.

Wajen da ɗalibai ke faɗuwa: su zuba 1200 cikin lissafi kai tsaye ba su mai da shi radiyan a daƙiƙa ba, ko su ɗauki faɗin ganga gaba ɗaya maimakon rabinsa, amsa ta ninka biyu. Wasu kuma su ce tunda gudu bai sauya ba, amsa sifili ce, alhali alƙibla tana sauyawa kowane lokaci.

Jiƙaƙƙen tawul mai kilo ɗaya in ya dunƙule gefe guda, a juyi 1200 yana fizgar ganga da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 400. Dalilin ke nan ake ɗaure bulon siminti a cikin injin. Sabon inji kuma yana zuwa da kusoshi a bayansa da ke riƙe ganga saboda jigila. In ba a kwance su ba, matsar farko za ka ga yana tsalle yana tafiya a tsakar ɗaki.