Kujerar kusurwar falo a gidajenmu na Saudiyya: yadi ko fata?

Kafin a yi zancen launi, a duba garin da ake zaune. A Jidda iska na da laima, kuma laima ce ke cin ledar roba da ake sayarwa da sunan fata: samanta ya fara ɓarewa a wajen zama da madogarar hannu, ba kuwa gyara sai sabon rufi. Fatar gaske ba ta ɓarewa haka, amma a Riyad bushewar iska da na'urar sanyaya ɗaki suna tsotse mata maiƙo har ta tsage. Sai an shafa mata man fata duk wata 6, a kuma nisanta ta da tagar da rana ke bugawa. Ladanta shi ne gahawa ko shayi ya zube, tsumma ɗaya ya isa.

Yadi ba ya manne wa jiki in an yi gumi, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba. Aibinsa ƙura da hayaƙin turaren wuta, duk yana shanye su. A nemi mai ƙarfin gogayya 30,000 zuwa sama a ma'aunin Martindale (gwajin yawan gugar da yadi ke jurewa kafin ya lalace), a ce wa mai ɗinki ya sa zif a kowane matashi, a wanke da ruwan da bai wuce digiri 30 ba don kada rigar ta tsuke ta ƙi komawa kan soso. Yadi mai zane yana cin mitoci fiye da maras zane, domin dole zanen ya haɗu daidai a kusurwa.

Gidan yara da baƙin Umra, mu yadi mai cirewa muke zaɓa masa.